Shawara: Naira 45,000 ce a hannuna, mai ƙafa uku zan saya wa kyamarata ko mai ƙafa ɗaya?

Assalamu alaikum. Ni mace ce mai ɗaukar hoto a Jos. Wata 8 ke nan da na fara, da Canon 600D ta hannu da yayana ya saya mini, da lens biyu, ƙarami 18-55 da dogo 75-300. Yawancin aikina tarukan mata ne: kamu, suna, walima da saukar karatu a Islamiyya. Matsalata bidiyo. Idan malama ta fara wa'azi, kafin minti 10 hannuna ya soma rawa, har wata uwar amarya ta ce kallon bidiyon walimarsu yana sa ta jiri. Na tara Naira 45,000. A wani shago an nuna mini sabon tirafod, wato mai ƙafa uku, marar nauyi, har da jaka da maƙalin waya, an ce yana kai santimita 170 kuma yana ɗaukar kilo 5, kuɗina ma zai yi saura. Wani abokin sana'a kuma ya ce monofod, wato mai ƙafa ɗaya, ya fi dacewa da cunkoson biki. Tsayina santimita 160, kuma a Keke nake zuwa aiki. Wanne zan saya?

'Yar'uwarku daga Unguwar Rogo, Jos.

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya yi wa sana'a albarka, ya saka wa yayanki da alheri.

Mai ƙafa uku za ki saya, amma ba wancan da aka nuna miki ba. Ki nemi na alminiyam mai ƙwari, mai kan bidiyo (wato wurin ɗora kyamara da ke juyawa a hankali), ko da na hannu ne, ko da fentinsa ya koɗe.

Abokin sana'arki gaskiya ya faɗa, amma ta wurin kamu. Inda 'yan mata suka cika fili, ana liƙi, amarya na shigowa ta nan dangin ango na tasowa ta can, mai ƙafa ɗaya ya fi sauƙin sarrafawa: ki dasa, ki ɗauka, ki ɗaga, ki matsa. To amma ki sake duba wasiƙarki. A wurin wa'azi aka yi ƙorafi. Monofod nauyin kyamara yake ɗauke miki, ya kuma hana ta yin sama da ƙasa, amma karkata hagu da dama, gaba da baya, duk suna nan, domin jikinki ne sauran ƙafafun biyu. Kina numfashi, hoton yana numfashi. Wa'azin minti 40 kuwa sai ki yi shi a tsaye kina riƙe da sanda, ba damar gyara makirfo, ba damar ɗauko batir a jaka. Har wanda ake sa wa 'yan ƙananan ƙafafu uku a gindi, irin Yunteng VCT-288, ba a yi shi don a sake shi a juya baya ba. Gefen hijabi ya shafe shi, ya isa ya kifar da kyamara.

Ga kuma wani abu. Idan ta kama, mai ƙafa uku yana yin aikin mai ƙafa ɗaya: ki haɗe ƙafafun wuri guda, ki zaro ɗaya ta fi sauran tsawo, ki dogara a kanta. Zai fi nauyi a hannu, amma aiki zai tafi. Mai ƙafa ɗaya kuwa ba yadda za a yi ya tsaya da kansa. Tunda kuɗin abu ɗaya ne a hannunki, ki sayi wanda zai yi miki biyun.

Yanzu ga maganar kilo 5 da aka rubuta a kwali. Kyamararki da batir da kati gram 570 ce. Ƙaramin lens ɗin kusan gram 200, dogon kusan gram 480. Ki ɗora makirfo ko 'yar fitila a sama, duka-duka ba za ki wuce kilo ɗaya da rabi ba. Sai mutum ya ce to ai mai ɗaukar kilo 5 ya isa har ya yi yawa. A nan mutane da dama ke asarar kuɗinsu. Babu wata ƙa'ida guda da kamfanoni suka haɗu a kai wajen fitar da wannan lamba, kowa da yadda yake auna tasa. Iyakar abin da take nufi shi ne nauyin da zai ɗauka bai durƙushe ba. Ba ta ce komai a kan rawa ba, alhali rawa ce matsalarki. Shi ya sa masu sana'a ke ninka nauyin kayansu sau 2 ko 3 kafin su kalli lambar, sannan ko sun kalla ba su dogara da ita.

Abin da ya fi faɗin gaskiya shi ne nauyin tirafod ɗin kansa da kaurin ƙafafunsa. Na alminiyam da bai kai kilo 1 ba, na waya ne da ƙananan kyamarori. Irin masu lamba 3110 da suka cika shagunan kayan waya, tsayinsu kusan mita 1, nauyinsu bai kai rabin kilo ba, kada ki ɗora musu 600D ko da wasa. Naki ya kasance tsakanin kilo 1.5 da 2.5: ƙasa da haka iska za ta yi wasa da shi, sama da haka za ki fara barinsa a gida saboda nauyi. Gaɓar ƙafa ta sama ta kai kaurin milimita 25 ko kusa, ta can ƙasa kuma kada ta gaza kaurin ɗan yatsanki manuni. Mai gaɓa 3 ya fi mai gaɓa 4 ko 5 tsayuwa, saboda kowace gaɓa sai ta fi ta samanta siranta kafin ta shige ciki, kuma kowane mahaɗi wuri ne na motsi. Mai gaɓa 4 ya fi gajarta idan an naɗe, wannan kam ya fi daɗin shiga Keke. Idan naɗaɗɗen bai wuce santimita 60 zuwa 70 ba, zai tsaya tsakanin ƙafafunki a Keke ba tare da kin takura wa kowa ba. Wanda aka yi da kabon maimakon alminiyam ya fi rashin nauyi, amma kuɗinsa ya wuce abin da muke magana a kai, ki bar shi tukuna.

Dogon lens ɗinki shi ne zai tona asirin kowane tirafod. A jikin 600D ana ninka lambar lens da 1.6, don haka idan kika kai 300 kamar kina kan 480 ne. Yadda yake jawo fuskar malama kusa, haka yake jawo kowace ƙaramar girgiza ya girmama ta. Ba shi da na'urar rage girgiza a ciki, ba shi da zoben da ake ɗaura shi a kan tirafod, sannan yana ƙara tsawo idan kin yi zum. Nauyin sai ya rinjaya gaba, yana jan kan tirafod ƙasa. Kai mai roba ba ya jure wannan: ki saita fuska, ki ɗaure, ki saki, sai ki ga hoton ya sunkuya zuwa ƙirji.

Tsayin 170 ɗin ma da sake. Yawanci sai an murɗo sandar tsakiya, wadda kan yake zaune a kanta, har ƙarshe ake kai wannan lamba, kuma da zarar kin yi haka kin mayar da kyamara kan ƙafa ɗaya da ke zaune a kan uku. Tsayin da za ki tambaya shi ne na ƙafafu da kai, sandar tsakiya tana ƙasa. Ke mai 160, idonki yana wajen 150 daga ƙasa, kuma daga gindin kyamara zuwa inda ake leƙawa akwai 'yan santimita. Wanda ya kai 135 zuwa 140 ba a ɗaga sanda ba ya ishe ki. Ranar da mata suka miƙe a gabanki, ki ɗaga sandar tsawon kamu ɗaya, ki juyo allon kyamarar ƙasa ki riƙa kallo, tunda 600D allonta yana juyawa.

Akwai kuma sandar fitilar nan mai zagaye ta masu kwalliya, wadda wasu ke sayarwa da sunan tirafod. Tana kai mita 2, kuma sukurun da ke kanta yana shiga gindin kyamara daidai, shi ya sa take ruɗar mutane. Ƙafafunta can ƙasa suke, sauran duk doguwar sanda ce siririya. Ta fitila ce, ki bar wa fitila.

Kai shi ne inda ya kamata yawancin hankalinki ya tafi, domin ƙafafu tsayuwa kawai suke yi, kai ne ke aiki. Iri uku za ki gani. Mai ƙwallo, wanda ake kwance maɗauri ɗaya kyamara ta juya ko'ina, yana da sauri ga hoto, amma a bidiyo da kin kwance shi komai ya karkace lokaci guda. Irin Zomei Q666 da ake cire masa ƙafa ɗaya ta zama monofod, da wannan kan yake zuwa. Dabarar tana da kyau ga mai hoto zalla, ke kuwa ba za ki iya bin amarya da shi a hankali ba. Na biyu mai hannu da maɗaurai uku, shi ne a kan yawancin masu araha, kuma idan na roba ne yana cijewa a farkon juyi sannan ya fizge. Na uku kan bidiyo, mai dogon hannu ɗaya, wanda aka cika cikinsa da giris mai kauri domin ya riƙa turjewa a hankali. Wannan turjiyar ce ke sa juyi ya fita sumul. Masu arahar cikinsu ba su kai na gidan talabijin ba, amma ko su sun fi na roba nesa ba kusa ba. Shi za ki nema. Abu ɗaya za ki duba: wasu kawunan bidiyo ba sa kwantar da kyamara a gefe don hoton tsaye. Idan kina ɗaukar hoton amarya daga sama har ƙasa a kan tirafod, ki tabbatar naki yana yi. Idan da hannu kike ɗaukar irin wannan, kada ya dame ki.

Ki kuma duba ko kan yana cirewa. Idan an kama shi aka murɗa ya fita, ya bar sukuru mai kaurin inci 3/8 a tsaye, to gobe kina iya sayen kai mafi kyau ki ɗora a kan ƙafafun nan. Wanda aka haɗe kansa da sandar tsakiya, ranar da kan ya lalace duka ya tafi.

Farantin da ake ɗaura wa kyamara a gindi ƙaramin abu ne, amma shi ke riƙe da jarinki gaba ɗaya. Masu araha kowane da fasalin farantinsa, idan ya ɓata sai ki zagaye shagunan Taminus da Ahmadu Bello Way na Jos ba ki sami irinsa ba, tirafod ya zama sandar rataye jaka. Akwai fasali da suka yaɗu, ake samunsu da sauƙi: na Arca-Swiss, da 200PL da 501PL na Manfrotto. Dogon faranti mai zamewa gaba da baya, irin 501PL, yana da wani amfani gare ki: za ki iya ja da kyamara baya har nauyin dogon lens ya daidaita a tsakiya, sunkuyawar nan ta ragu. Kowane iri kika samu, ki sayi na biyu tun ranar, ki ajiye a aljihun jakar kyamara.

Sukurun farantin kuwa, a kula. Kaurinsa rubu'in inci ne, wato milimita 6.35, mai tiredi 20 a kowane inci. Idan ya ɓata, kada ki yarda wani ya ɗauko miki sukurun milimita 6 daga wajen masu kayan gyara ya ce ai duk ɗaya ne. A ido kamar ɗaya, zai ma shiga murɗi ɗaya ko biyu, daga nan ya cije. In aka matsa masa, ya cinye tiredin gindin kyamara, gyaran kuma ya fi kuɗin tirafod ciwo. Tsawon da zai shiga cikin kyamara ma kada ya wuce milimita 5, domin wanda ya fi haka yana tokarar ƙarshen ramin.

To, ranar saye. Ki tafi da kyamararki, batir a cike, dogon lens a ɗaure. Mai kayan da ya hana ki gwadawa, ki yi masa sallama. Gani ya kori ji, kuma gwajin duka bai fi minti 10 ba.

Ki zaro ƙafafun har ƙarshe, ki buɗe su, sandar tsakiya a ƙasa. Kafin ki ɗora komai, ki dafa saman da hannu biyu ki danna da ɗan ƙarfi. Idan wata gaɓa ta zame ciki, maɗaurinta ya saki. Ki duba maɗaurin: mai sukuru ko noti ana ƙara masa ƙarfi da alanki, wannan ba matsala, wanda aka dasa da ƙusa marar kwancewa, in ya saki ya saki ke nan. Sannan ki kama saman ki murɗa hagu da dama kamar sitiyari. Mai ƙwari zai turje, marar ƙwari za ki ga ƙafafun suna lanƙwasa suna bin hannunki.

Sai ki ɗora kyamara. Ki ji ƙarar kamawar faranti, ki girgiza kyamarar da hannu ki ga ko akwai wasa tsakaninsa da kai. Ki kunna allo, ki kai zum 300, ki saita a kan wani rubutu na allon shago da ke tsallaken titi, ki danna maɓallin ƙara girma har sau 10. Yanzu ki ɗan ƙwanƙwasa ƙafa ɗaya da yatsa, ki ƙirga. Rubutun ya tsaya cik kafin ki ƙirga 2 ko 3, tirafod ne. Ya ci gaba da kaɗawa har 5 ko 6, to haka zai riƙa yi duk lokacin da wata ta wuce kusa da ke a walima. Daga nan ki mayar da allon yadda yake, ki sa harafi ɗaya a tsakiya, ki ɗaure kan, ki saki hannu. Ɗan sauka kaɗan ana haƙuri da shi. Idan harafin ya bar tsakiya ya haura sama sosai, kan ba zai riƙe wannan lens ba.

Gwaji na ƙarshe shi ne na juyi, kuma ki yi shi kina ɗaukar bidiyo. Da yatsa ɗaya a ƙarshen hannun, ki tura daga hagu zuwa dama a hankali, ki tsaya, ki saki. Ki kalli abin da kika ɗauka. Wurare biyu za ki lura: farkon tafiya, ko ya fizga, da ƙarshenta, ko hoton ya ɗan koma baya bayan kin saki. Ki maimaita sama da ƙasa. Wanda ya wuce wannan, ko ba suna a jikinsa, ya fi mai suna da ya faɗi.

A na hannu akwai aibin da ake saye da shi a nemi ragi, akwai wanda ake gudu. Ƙarcewar fenti, yagaggiyar jaka, robar tafin ƙafa da ta cire, duk ƙananan abubuwa ne. Robar ƙafar kujera ko ta sandar dogarawa tana maye gurbi. Amma tsagewa a wurin da ƙafafu uku suka haɗu, ko a jikin maɗauri, ko ƙafar da ta lanƙwashe har gaɓa ba ta shiga sumul, ko kan da giris ke tsiyaya daga gefensa, waɗannan ki bar su komai arha. Wanda ba shi da faranti kuma, kada ki biya sai kin riƙe farantin da ya dace da shi a hannunki. Sunayen da tsofaffinsu ke daɗewa su ne Velbon da Slik da Libec na Japan, Manfrotto na Italiya, da Benro na Sin. Velbon Videomate, idan kika dace da mai lafiya, daidai aikinki ne. A sababbi masu sauƙin kuɗi, Yunteng VCT-880 ya cancanci ki gwada shi. Weifeng WF-717 yana da kan bidiyo da ƙwari, sai dai nauyi da tsawo, ki ɗaga shi ki ji ko za ki iya yawo da shi.

Kin yi sa'ar gari. Jos gari ne na masu kyamara: ga Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa, ga Kwalejin Talabijin ta NTA a Rayfield, ga masu shirya fim da ɗakunan hoto birjik. Ki sanar a cikin 'yan sana'a cewa kina neman na hannu, musamman wajen ɗaliban da ke kammala karatu da masu ɗakin hoto da suka sayi manya suka ajiye ƙanana. A shafin saye da sayarwa na Jiji da Facebook ki tace masu sayarwa na cikin Jos, ki haɗu da mutum da rana a wurin jama'a, ki tafi da yayanki, kada ki tura ko sisi kafin gwaji. Idan sai daga Abuja, shagunan Banex a Wuse 2 suna da zaɓi, amma ki sami wanda ya san kyamara ya yi waɗannan gwaje-gwaje a madadinki ya turo miki bidiyonsu kafin a ba direba. Farashin kayan nan yana bin dala, don haka abin da wata ta saya bara ba ma'auni ba ne. Ki ware Naira 5,000 a gefe don faranti na biyu da alanki da kuɗin mota, ki yi ciniki da 40,000. Idan abin da ya ci gwaji ya fi kuɗinki da kaɗan, ki jira aiki ɗaya ko biyu ki cika. Sayen mai rauni yau, sayen tirafod sau biyu ne.

Kafin nan, ga abin da zai rage miki rawar hannu ba da kuɗi ba. Ki cika tsohuwar safa ko 'yar jaka da shinkafa ko wake kamar kilo 1, ki ɗaure bakin, ki ɗora a kan tebur ko bayan kujera, ki nutsa kyamarar a ciki. A wurin wa'azi, inda mai magana take zaune wuri guda, wannan yana aiki fiye da yadda ake zato.

Idan ya zo hannu, yadda kika kafa shi rabin aikin ne. In ba kya buƙatar tsayin duka, ki fara zaro gaɓoɓi masu kauri, sirara su zauna a ciki. Ƙafa ɗaya ta kalli gaba, a ƙarƙashin lens, ke ki tsaya tsakanin biyun baya. Haka nauyin da ya rinjaya gaba yana da abin dogara, ke ma ba za ki yi tuntuɓe ba. Ki daidaita da ƙafafu har kumfan lebur, ɗan ma'aunin miƙewa da ke jikin tirafod, ya zauna a tsakiya. Idan kika bar ƙafafu a karkace kika gyara da kai kawai, hoton zai miƙe a inda kika fara, amma kina juyawa za ki ga bango yana gangarewa. Tsakar gida a unguwanninmu ba kasafai take a miƙe ba, ga dutse ga gangare, don haka ƙafar da ke kan tudu ita za ki rage wa tsawo har sandar tsakiya ta tsaya sak.

A zauren biki mai tayil ƙafafu suna zamewa su baje. Wanda ke da 'yan sandunan da suka haɗa ƙafafu da tsakiya ya fi aminci a nan. Kada ki kafa a kan dandamalin katako da ake hawa ana sauka, ko kusa da manyan sifiku, domin girgizar tana bin ƙasa ta hau ƙafafu. Babban haɗari a taron mata kuwa yara ne da dogayen kaya: leshi da abaya suna kama tafin ƙafa mai su ba ta sani ba. Ki jingina da bango ko ginshiƙi, ki kewaye ƙafafun da kujeru biyu ko uku, wayar makirfo kuma ki naɗe ta a ƙafa ɗaya ta sauka ƙasa, yadda in an taka ta ba kyamara za ta ja ba. Za ki canza wuri, ki cire kyamarar ki riƙe a hannu. Saɓa tirafod a kafaɗa da kyamara a kai, dukan nauyin a kan ɗan faranti yake.

Iskar Jos ba ta wasa. Gari ne da ke sama da mita 1,200 a kan tudu, kuma daga Disamba zuwa Janairu, ko a fili irin na Lamingo da duwatsun Shere inda ake zuwa hoton kafin biki, za ki ji ta a jikin kyamara. Ki rage tsayi, ki buɗe ƙafafu sosai, ki naɗe igiyar wuyan kyamara kada ta riƙa kaɗawa tana bugun ƙafa. Idan akwai ƙugiya a ƙasan sandar tsakiya, ki rataya jakarki, amma ki sassauta igiyar har gindin jakar ya taɓa ƙasa. Jakar da ke lilo a iska ƙara rawa take yi. Da sanyin safiya kuma giris ɗin kai yana daskarewa, sai ki juya shi hagu da dama sau 10 ko fiye kafin ki fara ɗauka, zai saki.

Game da jirin da uwar amarya ta ji, tirafod zai kawar da rawar hannu, amma saurin juyi ma yana kawo jiri. Ki sa ya zama abu yana ɗaukar kamar daƙiƙa 7 kafin ya ratsa allo daga gefe zuwa gefe, ki tsaya cik na daƙiƙa 5 kafin juyi da bayansa, kuma ki daina zum ana cikin ɗauka. Ƙaramin lens ɗinki, in mai maɓallin IS ne a gefe, wato na rage girgiza, ki kashe shi idan kyamara tana kan tirafod a ɗaure, don wani lokaci yana neman girgizar da babu har hoton ya riƙa shawagi. A hoton dare ko na cikin ɗaki, ki sa jinkirin daƙiƙa 2, ki danna ki ɗauke hannu. Kuma kada samun tirafod ya sa ki yi nisa: 600D tana tsayar da ɗauka da kanta idan fayil ya kai 4GB, wato wajen minti 11 zuwa 12 a mafi girman inganci. Ki riƙa duba lokaci, ki tsayar ki sake kunnawa a inda malama ta numfasa ko ake salati, kada ta yanke a tsakiyar aya.

Ƙurar hunturu ita ke kashe maɗaurai. Bayan kowane aikin waje, ki zaro ƙafafun duka ki goge da tsumma mai ɗan danshi, ki bi maɗauran da tsohon buroshin haƙori, ki bar su su bushe kafin ki naɗe. Haka idan ruwan sama ya taɓa shi. Kada ki shafa wa ƙafafun mai, yana kama ƙura kuma yana sa gaɓa zamewa. Kada ki fesa man kwance tsatsa na WD-40 a cikin kai, narkar da giris ɗin yake yi, kan ya koma sakaka. Sau ɗaya a wata ki bi sukurorin da alanki, ki ɗaure su daidai, ba har roba ta tsage ba.

Idan aiki ya buɗe, kuɗi ya sake taruwa, sai ki koma ga shawarar abokin sana'arki ki sayi monofod don kamu da shigowar amarya. Ki nemi mai kaurin gaɓar sama kamar na tirafod ɗinki, wanda ya kai tsayin idonki, mai igiyar da ake saƙala wa a wuyan hannu. Ki tafi shagon da farantinki a jaka, ki zaɓi wanda kansa yake karɓar irinsa, yadda ana tashi daga wa'azi za ki zare kyamara daga wannan ki ɗora a wancan ba tare da kin kwance sukuru ba.